Reshen da Fundi Mshamu Ya Bari a Ɗaure

Da sunan Allah nake buɗe bakina, shi ya ba mu Mshamu, shi kuma ya karɓi abinsa.

Mai girma wakilin shugaban gunduma, mai girma kansilan mazaɓarmu, malam liman da na'ibinsa, Fada da mutanen coci da suka tsallako titi suka zauna tare da mu, shugaban unguwar Mikwajuni da dattawansa. Bi Somoe, matar marigayi. Dadi da Asumini, 'ya'yansa. Dangin da suka taso tun daga Mchinga da Kilwa. Maƙwabta maza da mata: assalamu alaikum.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Mwanaidi Nandonde. Ungozoma ce ni, kusan rabin waɗanda ke zaune a kan tabarmin nan ni na yanke musu cibiya. Ni da Mshamu Likoko katanga ɗaya ta raba gidajen iyayenmu a nan Lindi, na girme shi da shekara huɗu, Yaya yake ce mini har ranar da ya bar duniya. Dattawa suka ce ni zan yi magana a wannan rana ta arba'in ɗinsa. Na karɓa, amma ku yi mini haƙuri in muryata ta yi rawa. Baƙin ciki ne, da wani abu kuma. Tsoro nake ji, kuma na san ba ni kaɗai ba ce. Tun da muka zauna nake ganin idanunku suna komawa lungun teloli, inda reshen nan yake rataye. Zan zo kansa.

A irin wannan taro an saba a ce marigayi jarumi ne, bai san tsoro ba. In na faɗi haka a kan Mshamu na yi masa ƙarya, shi kuwa ba ya son ƙarya. Ya kasance mutum mai tsoro. Shekara talatin da takwas yana hawa itatuwan garin nan, ba a taɓa yin ranar da ya ɗora ƙafa a jikin bishiya gwiwarsa ba ta kaɗa ba.

Manya sun san dalili. Mahaifinsa, Mze Likoko, mai hawan kwakwa ne. Mshamu yana da shekara goma sha tara, yana tsaye a gindi yana tara kwakwar da uban ke jefowa, sai uban da kansa ya faɗo a gabansa. Bayan an yi jana'iza Mshamu ya shiga jirgin ruwa mai ɗaukar kaya zuwa tsibiran Mafia da Unguja, ya yi shekara goma bai kwana a ƙarƙashin bishiya ba. Ya taɓa ce mini, "Yaya, abin da ya sa nake son teku, babu abin da ke saman kaina sai sama." A can ya koyi ƙullin igiya iri-iri, bai san ranar da za su yi masa ba.

Abin da ya dawo da shi darbejiyar gidansu ce. Ta karkata a kan ɗakin mahaifiyarsa, duk wanda aka kira sai ya ce zai sare ta daga gindi, ɗakin kuma sai yadda Allah ya yi. Tsohuwar ta ce ba za ta fita daga ɗakin da mijinta ya gina ba. Da safe na leƙa ta kan katanga, na ga Mshamu durƙushe a bayan ɗaki yana amai. Ya kurkure baki, ya ɗaura igiyar jirgi a ƙugu, ya hau. Kwana uku yana sauke bishiyar nan guntu-guntu da igiya, kamar yadda ake sauke buhuna daga jirgi, ko kwano ɗaya bai lanƙwashe ba. Ya bar mata rassan da ke kallon fili, ga ta nan har yau tana ba da inuwa. Daga ranar mutane suka fara ce masa Fundi, gwanin aikinsa, suka fara aiko masa.

Ba su fasa yi masa dariya ba. A wajen shan gahawa na bakin kasuwar kifi, marigayi Kombo Mpita yakan ɗaga murya ya ce, "Fundi, yau tsakanin kai da bishiyar wa ya fi kaɗawa?"

Shi kuma ya ce, "Ni mana. Ita ai tana da saiwa."

"To ka koma sayar da gyaɗa mana, ka huta."

"In na koma sayar da gyaɗa, kai za ka hau mangwaron gidanka? Kai da ko kan gado sai matarka ta turo ka?"

Haka suke yi kullum. Amma Kombo bai taɓa yarda wani ya taɓa mangwaronsa ba sai shi.

Ya kasance ba ya wuce bishiya bai dube ta ba. Yakan bubbuga jikinta da ƙeyar gatari, ya kara kunne. Yakan tone gindi da yatsa ya ga ko gara ta shiga, ko naman kaza ya fito a jikin saiwa. In ya ga kauci a reshe sai ya tsaya a ƙofar gidanka har ka fito. Ya yi faɗa da mu a kan ƙona shara a gindin itace, da buga ƙusa don shanya, da zuba siminti har wuyan bishiya don tsakar gida ta yi kyau. Ya yi faɗa da ni kaina. Kafin damina kuwa sai ya bi unguwa gida-gida, ko an kira shi ko ba a kira shi ba, yana rage wa kwakwa 'ya'yan da suka rataye a kan hanyar wucewa, yana cire busassun rassa. Ya kasance in zai yanke reshe sai ya fara shiga ta ƙasa kafin ya yanko ta sama, don kada ɓawo ya yage ruwa ya samu hanya. Na tambaye shi wa ya koya masa, ya ce, "Ke da kike ɗinke mata, kin taɓa barin ciwo a buɗe?"

Akwai ranar da ba zan manta ba. Kun san tsamiyar ƙofar gidana, kun san bencin da masu juna biyu ke zama a kai suna jirana ranar Talata. Wata Litinin da yamma ya zo ya bubbuga ta, ya daɗe yana saurare, ya ce, "Yaya, ɗauke bencin nan."

Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana kishingiɗe a gefe. Ya ce, "Tsamiyar da kakana ya shuka? Ko iska babu, Mshamu. Tsoronka ya fara taɓa maka kai."

Ya ce, "Wataƙila. Amma babban reshen nan ya cika ruwa ta ciki, sautinsa ya canza. Jibi zan zo da igiya. Kafin nan a ɗauke bencin."

Ban ɗauke ba. Gara in faɗa a gabanku: na ji nauyin mijina, na ji nauyin a ce ina biye wa matsoraci. Washegari da sassafe sai ga Mshamu, ya kinkimi bencin ya kai shi jikin katangar masallaci, cikin rana, ya zauna a kan wani dutse yana gadi. Mata bakwai suka zauna cikin zafin ranar suna ta zaginsa. Ɗaya ta ce, "Fundi, in ɗan cikina ya fito baƙi ƙirin kai ka gasa shi." Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ganye ɗaya ba ya motsi, muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Reshen ya sauko daidai inda bencin yake zama, ya nutse cikin ƙasa har kusan kamu biyu. Muka zauna muna kallon ƙurar. Ina ganin huɗu daga cikin 'ya'yan da ke cikin matan nan a wannan taro, ɗaya ma shi ya raba muku gahawa.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba shi wahala. Tsoro ya kama unguwa, kowa ya dubi bishiyar gidansa ya ga mutuwa. Aka kira masu injin zarto, cikin sati uku layin bakin teku ya zama fili, mangwaro da darbejiya da suka girmi iyayenmu duk suka kwanta. Mshamu ya bi su yana roƙo. Chande tela, ga shi nan zaune, shi ya ce masa, "Fundi, ka tsaya wuri ɗaya mana. Jiya ka ce mu ji tsoro, yau ka ce kada mu sare."

Ya ce, "Cewa na yi ku ji tsoro ku duba. Ban ce ku ji tsoro ku rufe ido ba. Itatuwan nan su ke tare muku iskar teku. Ku sare su, ku ga abin da zai tsaya tsakaninku da ita."

Chande ya saurare shi, da mu na layin ciki. Na bakin teku ba su saurara ba. Damina biyu bayan nan iskar nan ta zo da azahar, wadda har yanzu ba ma son ambatonta. Muna cikin ɗaki muna jin kwanon rufi yana wucewa ta samanmu kamar takarda. Da ta lafa muka fito, gida goma sha ɗaya a layin bakin teku ba rufi. A layinmu rassa sun karye, ganye ya rufe hanya, amma kowa ya kwana a ɗakinsa. Mshamu bai ce wa kowa "ai na faɗa muku" ba. Ya ɗauki guduma ya tafi taya su ɗora kwano, da aka gama ya kawo musu dashen darbejiya a cikin gwangwani, ya nuna musu tazarar da za su bari daga bango.

Yanzu bari in zo kan ranar.

Mangwaron lungun teloli shi ne mafi girma a unguwar nan, mutum huɗu ba sa zagaye shi da hannu. Reshensa na gabas ya miƙe a kan gida uku, har da na Chande. Mshamu ya ga tsaga a hammatar reshen, ya ce dole a sauke shi kafin ruwa. Asumini ta ce masa, "Baba, shekararka sittin da bakwai." Ya ce, "Tsagar ba ta tambayi shekaruna ba." Ya yi kwana biyu yana rage ƙananan rassa. A rana ta uku ya ɗaure babban da igiya, ya ratsa ta kan wani reshe na sama, Chande da masunta biyu suka riƙe a ƙasa. Ni ina cikin gidan Chande, matarsa Sikujua ta haihu kwana shida, ina yi wa jaririyar wanka. Ya ce mu fita kafin ya fara babban yanka, ni na ce a raina bari in ƙarasa, ai da saura, shi kuma ya ɗauka mun fita. Sau biyu ke nan a rayuwata ina ƙin jin maganarsa.

Sai na ji wani abu ya faɗo a kan kwano. Na fito da gudu. Zartonsa ne. A shekara talatin da takwas ko wuƙa ba ta taɓa kuɓuce masa ba. Na ɗaga kai, na gan shi zaune a kan reshen, hannunsa na hagu a sake, fuskarsa ta yi toka-toka. Ya riga ya yanka ta ƙasa, ya ci rabi ta sama. Reshen yana ƙara a hankali, irin ƙarar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

Ya ce, "Yaya, fitar da mai jego." A hankali ya faɗa, kamar mai neman a miƙo masa ruwa.

Na fitar da su. Na dawo na ce, "Mshamu, sauko. Zuciyarka ce, na san alamar. Sauko yanzu."

Ya ce, "Igiya ɗaya ba za ta riƙe ba. In na sauka, hannun mutum uku ne kawai tsakaninsa da gidajen nan."

Chande yana kuka, igiyar tana cin tafinsa, ya ce, "Fundi, bar gidan ya rushe. Sauko, don Allah."

Ya jawo igiya ta biyu da hannu ɗaya, ya kama bakinta da haƙori. Muna tsaye muna kallonsa yana zagaya reshen da ita, yana hutawa, yana kifa goshi a jikin itacen, yana sake ɗagowa. Ban san minti nawa ya ɗauka ba. Ni da na san abin da kowane minti ke ci a ƙirjinsa, na tsaya ban iya komai ba sai salati. Ya ƙulla, ya gwada, ya sake ƙullawa. Ya ce wa su Chande su ɗaure tasu a gindi, ya gaya musu irin ƙullin, ya sa suka kwance suka sake saboda bai yi masa ba. Sannan ya fara saukowa. Sau biyu ƙafarsa na zamewa. Da ya iso ƙasa masuntan suka tare shi, suka jingina shi da bango.

Idonsa a rufe ya ce, "Yaya, ƙasa ce wannan?"

Na ce, "Ƙasa ce, Mshamu. Ka sauko."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ban faɗo ba. Ki gaya wa Somoe ban faɗo ba." Ya ɗan huta, ya ƙara da cewa, "Igiyar nan ba za ta jure ruwa ba. Kada a kwana a ɗakunan."

Muka sa shi a keke mai ƙafa uku, kansa a kan cinyata. Ba mu kai asibiti ba.

Yau kwana arba'in reshen nan yana rataye yadda ya bar shi. Gida uku sun watse, Sikujua da jaririyarta suna ɗakina. Rana da gishirin teku sun mai da igiyar fara, sili ɗaya ya riga ya tsinke. Reshen bai san an yanke shi ba, 'ya'yan mangwaron da ke kansa kullum ƙara girma suke, kullum ƙara nauyi. Chande yana hawa rufin maƙwabcinsa kowace safiya ya hango bakin yankan: da farko yatsa ne zai shiga, yanzu tafin hannu. Mun kira masu injin zarto, suka zagaya, suka ce babu gefen da za a kayar da bishiyar ba gida, suka tafi. Motar da ke da dogon tsani ba ta shiga lungun. Jiya kuma duk kun ga hadarin da ya haɗu ta arewa.

Saboda haka kowa yake satar kallon Dadi. Kada mu yi kamar ba haka ba ne. Shi kaɗai ya san ƙullin ubansa, ya yi shekara shida yana hawa tare da shi kafin mahaifiyarsa ta roƙe shi ya koma gyaran injin kwale-kwale. Dattawa sun so in roƙi Bi Somoe ta bar shi ya hau, in roƙe ta a nan, a gaban jama'a, inda za ta ji nauyin cewa a'a. Na ce ba zan yi ba.

Maman Dadi, 'yar'uwata, dube ni. Mun san abin da kika biya. Shekara talatin da takwas ba ki taɓa fitowa kin kalle shi a sama ba. In ya fita da igiya sai ki kashe rediyo, ki zauna a ɗakin girki kina sauraren ƙarar da ba kya so ki ji. Mu muka sha inuwa, ke kika sha wannan. Ranar da aka binne shi kika zuba igiyoyinsa da ɗamararsa a akwati kika kulle, ba wanda ya ga laifinki. Ina so ki ji daga bakina, a gaban wakilin gunduma da liman: masu gidajen nan uku sun zauna, sun yarda. In babu mai hawa, za mu kwashe abin da za mu iya, mu janye mutane daga lungun, mu bar reshen ya faɗi a kan gidajen. Chande ya ce, "Gida na bulo ne, na san inda ake sayar da bulo." Ba wanda zai bi ki da ido, ba wanda zai bi ɗanki da magana. Duk wanda ya yi, da ni zai haɗu.

Da izinin su biyun zan faɗi sauran. Shekaranjiya Dadi ya same ni ina tsintar shinkafa, ya durƙusa ya ce, "Inna, na je na duba ƙullin Baba. Na san yadda zan sauke shi. Amma in na tuna, ƙafata ba ta ɗaukata." Na ce masa da ya zo mini yana bugun ƙirji da ni zan fara hana shi. Yau da safe kuma, ana dafa shinkafar filau ɗin da za ku ci, Somoe ta ja ni gefe ta danƙa mini makullin akwatin. Ta ce, "Yaya, ba zan iya miƙa wa Dadi da hannuna ba, ba kuma zan iya hana shi da bakina ba. Ke kika fara riƙe shi a duniya. Ki yi abin da kika gani."

Ga makullin nan ɗaure a bakin zanena. Tun safe nake jin nauyinsa.

Dadi, ɗana, ba zan ba ka shi yau ba. Ka kwana, ka yi shawara da matarka. In gobe ka zo ka ce ka fasa, zan mayar wa mahaifiyarka, mu sha shayi. In ka ce za ka hau, to ga sharaɗina, kuma da ku nake, mazan Mikwajuni. Mahaifinsa ya hau da mutum uku a ƙasa, domin mun saba shi ke jin tsoro a madadinmu, mu muna zaune a inuwa. Wannan ya ƙare. Ina son sabuwar igiya daga masu jirage, ba wadda ta taɓa ruwa ba. Ina son mutum ashirin a kanta, masunta a gaba, kowa ya yi abin da Dadi ya ce ba gardama. Ina son ma'aikacin lafiya da mota a bakin lungu. In aka rasa ɗaya a cikin waɗannan, makullin yana jikina. Wanda zai riƙe igiya ya ba na'ibin liman sunansa kafin ya wanke hannu ya ci abinci.

Asumini, ki kwana wajen mahaifiyarki, gobe kuma kada ki bar ta ita kaɗai a ɗakin girki.

A madadin iyalan marigayi ina gode wa manyan baƙi, da malaman da suka yi sauka tun safe, da mutanen coci da suka kawo kujeru, da matan da suka tsaya a kan murhu, da duk wanda ya buɗe ɗakinsa ga mutanen lungun teloli.

Allah ya jiƙan Mshamu ɗan Likoko. Allah ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi inuwa a ranar da babu wata inuwa sai tasa, ya cire masa tsoro har abada. Allah ya ba Somoe da 'ya'yanta haƙuri. Allah ya yafe mana mu da muka yi masa dariya, da ni da na ƙi jin maganarsa. Duk wanda zai hau, ya Allah ka sauko mana da shi da ƙafafunsa.

Malam liman, tun muna yara a irin wannan wata ruwa muke roƙo, gonakin dangi suna jira, na sani. Yau dai ka ɗaga hannu ka roƙa mana akasin haka. Allah ya riƙe mana ruwan nan zuwa jibi.

Amin.